Takardun Epstein: an bar jaki ana dukan taiki

Tun ranar 30 ga Janairun 2026 da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta zuba sama da shafi miliyan 3 na takardun binciken Jeffrey Epstein, attajirin Amurka da aka tuhuma da lalata da safarar yara mata, a intanet, haɗe da hotuna 180,000 da bidiyo 2,000, jami'anta ke magana da muryar wanda ya sauke nauyin da ke kansa, suna nuna wa duniya cewa doka ta ce a fito da takardu, an fito da su, saboda haka kowa ya kama gabansa. Wannan magana ce ta hana ni sukuni, kuma abin da ya fi sosa mini rai shi ne yadda masu sharhi da dama suka karɓe ta hannu bibbiyu, suna yabon ƙasar da wai ba ta jin kunyar shanya dattinta a bainar jama'a. Ita kanta ma'aikatar ce ta faɗa a watan Yulin 2025 cewa waɗanda Epstein ya cutar sun haura 1,000. Yau a duk faɗin Amurka mutum ɗaya tak ke ɗaure a kan wannan ta'asa, wato Ghislaine Maxwell, abokiyarsa da ta riƙa kawo masa yaran, wadda aka yanke wa shekara 20 a 2022. Ban ga yadda mai hankali zai ajiye waɗannan alƙaluma biyu kusa da juna sannan ya yarda cewa an gama aiki ba.

Masu yabon sun manta, ko kuma suna so mu manta, cewa ba da son ran gwamnati takardun suka fito ba. A watan Fabrairun 2025 Pam Bondi, tana matsayin Antoni-Janar, ta ba jama'a fahimtar cewa jerin sunayen abokan harkar Epstein da ake ta cece-kuce a kai yana kan teburinta, aka tara wasu 'yan soshiyal midiya a fadar White House aka raba musu kundaye waɗanda akasarin abin da ke ciki tsohon labari ne. Bayan wata biyar ma'aikatar da hukumar binciken manyan laifuka ta FBI suka fitar da wata 'yar gajeriyar sanarwa cewa babu wani jerin sunaye, babu hujjar bincikar kowa, kuma ba za a ƙara sakin komai ba. Sai da 'yan majalisa biyu daga jam'iyyu masu hamayya da juna, Ro Khanna da Thomas Massie, suka yi wata da watanni suna tattara sa hannun 'yan majalisa don a kaɗa ƙuri'a kan dokar sakin takardun, matan da aka cutar suka tsaya a gaban ginin majalisa suna magana da bakinsu, kafin Majalisar Wakilai ta amince da dokar da ƙuri'a 427 da 1 a watan Nuwamba, Shugaba Donald Trump ya sa mata hannu washegari bayan ya daɗe yana kiran batun shaci-faɗi. Dokar ta ba da kwana 30. Da wa'adin ya cika ranar 19 ga Disamba, ɗan kaɗan aka saki, a ciki har da wata takarda mai shafi 119 da aka shafe da baƙin tawada tun daga farko har ƙarshe. Wanda aka fizge abu daga hannunsa da ƙarfin tsiya bai cancanci a yi masa kirarin mai kyauta ba.

Dokar kuwa ba ta bar wani lungu na ɓuya ba. Ta hana a ɓoye takarda don gudun kunyata wani babba, ko ɓata masa suna, ko don tsoron abin da siyasa za ta haifar, ta kuma ba da damar a sakaya sunaye da bayanan matan da aka cutar. Abin da ya faru a aikace ya zama akasin haka ta hanya mafi muni. Sunayen wasu daga cikin matan, waɗanda ba su taɓa bayyana kansu ba, waɗanda wataƙila ko mazajensu da 'ya'yansu ba su san abin da ya same su suna ƙanana ba, suka fito fili kowa na karantawa, har lauyoyinsu suka garzaya wajen alƙalai a New York, ma'aikatar ta janye dubban takardu tana cewa kuskure ne. A daidai wannan lokaci sunayen mutane da dama da suka yi musayar saƙo da Epstein suna lulluɓe da baƙi. Ko da na yarda cewa kuskure ne, tilas in tambayi dalilin da ya sa a tarihin wannan shari'a kuskure kullum kan marasa gata yake faɗawa.

Shafi miliyan 3 da aka zube ba tare da tsari ba wata hanya ce ta rufa-rufa. An haɗa rahoton ɗan sanda da jita-jitar da wani ya buga waya ya faɗa ba tare da an tantance ba, an haɗa takardar banki da yankakken labarin jarida, an watsa allura a cikin rairayi an ce mai rabo ya ɗauka. Sakamakon da ya biyo baya shi ne wanda kowa zai iya hasashe: jama'a sun koma farautar sunaye. A Facebook da WhatsApp, har a zaurukanmu na Hausa, ana ta yawo da jerin sunaye na ƙarya da hotunan da aka haɗa da kwamfuta, kowa na neman sunan wanda dama ya tsana. Fitowar sunan mutum a littafin waya ko a takardar jirgi ba hujjar laifi ba ce, kuma Trump da Bill Clinton, waɗanda ake yawan ambato, dukansu sun musanta sanin abin da Epstein ke aikatawa, babu kuma wanda aka tuhuma a cikinsu. Amma yayin da ake wannan farauta, takarda mafi muhimmanci a duk labarin, wadda ba ta buƙatar wani tono domin ta shekara da shekaru a fili, ba ta samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan hayaniya.

Ina nufin yarjejeniyar 2007. A 2005 iyayen wata yarinya 'yar shekara 14 suka kai ƙara wajen 'yan sandan Palm Beach a jihar Florida, kuma waɗannan 'yan sanda na ƙaramin gari sun yi aikinsu tsakani da Allah. Sun bi sharar gidan Epstein suna tsintar 'yan takardun saƙon waya masu ɗauke da sunayen yara da lokacin zuwansu, sun gano yadda ake yaudarar 'yan makarantar sakandare daga unguwannin talakawa da dala 200 ko 300 da sunan za su yi masa tausa, sannan a ƙara wa yarinya kuɗi idan ta kawo ƙawarta. Da shugaban 'yan sandan, Michael Reiter, ya ga mai gabatar da ƙara na jihar yana jan ƙafa, sai ya miƙa batun ga FBI. Hukumar ta gano yara fiye da 30, kuma wata lauyar gwamnati ta shirya takardar tuhuma mai shafi 53 wadda da an kai ta kotu da Epstein ya iya ƙare rayuwarsa a kurkuku.

Ba a kai ta ba. Ofishin Alexander Acosta, babban mai gabatar da ƙara na tarayya a Miami, ya zauna da gaggan lauyoyin Epstein, cikinsu har da Alan Dershowitz da Kenneth Starr, aka ƙulla cewa gwamnatin tarayya ba za ta gurfanar da shi ba, zai amsa ƙananan laifuka biyu a kotun jiha, ɗaya daga ciki neman karuwa. Da wannan kalma ɗaya aka shafa wa yara ƙanana kashin kaji a cikin kundin kotu. Yarjejeniyar ta kuma ba da kariya ga wasu mata huɗu da aka ambata da suna, da duk wani da ake iya zargi da haɗa baki da shi, ba tare da an faɗi ko su wane ne ba, kuma an ɓoye wa yaran da iyayensu cewa an riga an gama ciniki. A 2008 aka yanke masa wata 18, ya yi kimanin 13, a wani ɓangare na musamman na gidan yarin gundumar, inda kwana shida a mako direbansa ke zuwa ya ɗauke shi zuwa ofishinsa ya yi har awa 12 kafin ya dawo ya kwana. Ko ɗaurin talala ya fi wannan tsanani.

Wannan yarjejeniya mutane ne suka rubuta ta, suka sa hannu, kuma an san sunayensu da ofisoshinsu. A 2019 alƙali Kenneth Marra ya yanke hukunci cewa masu gabatar da ƙarar sun karya doka da suka ɓoye wa yaran. A 2020 sashen ladabtarwa na Ma'aikatar Shari'a ya binciki kansa da kansa, ya ce Acosta ya yi rashin hangen nesa amma bai saɓa ƙa'idar aiki ba. Shi Acosta kafin nan har ya zama ministan ƙwadago a 2017, kuma bai sauka ba sai a Yulin 2019, bayan rahoton Julie Brown a jaridar Miami Herald ya tono garmar da allura ta daɗe tana nema. 'Yar jarida ɗaya daga jaridar yanki ta yi abin da hukumomi masu kasafin biliyoyin daloli suka ƙi yi cikin shekara goma.

Abin da ya biyo bayan 2008 ya fi komai nuna inda gizo ke saƙa, domin daga wannan shekara babu wani mai ilimi da waya a hannu da zai ce bai san ko wane ne Epstein ba. Sunansa na cikin rajistar masu laifin lalata. Duk da haka bankin JPMorgan ya ci gaba da riƙe asusunsa har 2013, daga nan Deutsche Bank na Jamus ya karɓe shi har 2018, ana cire maƙudan tsabar kuɗi ana tura wa mata, babu wanda ya taka birki. Hukumar kula da bankuna ta New York ta ci tarar Deutsche Bank dala miliyan 150 a 2020, JPMorgan ya biya matan dala miliyan 290 a 2023 ba tare da ya amsa laifi ba, kuma babu ma'aikacin banki ko ɗaya da ya tsaya gaban alƙali a matsayin wanda ake tuhuma. Attajiri Leon Black ya biya Epstein dala miliyan 158 tsakanin 2012 da 2017, yana cewa ladan shawarar haraji ne. Wata cibiyar bincike a jami'ar MIT ta riƙa karɓar kuɗinsa tana sakaya sunansa har shugabanta ya yi murabus a 2019. Waɗannan mutane da hukumomi su ne suka wanke shi suka mayar da shi cikin manya, kuma wannan mutunci da suka ara masa shi ne tarkon da ya ci gaba da kama yara da shi.

Masu son mayar da batun rikicin 'yan Republican da 'yan Democrat ba su cancanci dogon martani ba: ƙorafin farko ya isa FBI a zamanin Clinton, an ƙulla yarjejeniyar a zamanin Bush, shekara takwas na Obama suka wuce shiru, Epstein ya mutu a hannun gwamnati bayan an sake kama shi a zamanin Trump, takardun kuma suka kwanta a ma'ajiya duk tsawon mulkin Biden. Masu kashe dare suna muhawara a kan ko kashe kansa ya yi a kurkukun Manhattan ranar 10 ga Agustan 2019 ko kashe shi aka yi suna taya masu laifi ɓata lokaci ne, tunda amsar ko wace iri ce ba ta wanke waɗanda suka sa hannu a 2007. Su kuwa namu na gida da ke tafi suna cewa asirin Turawa ya tonu, ya kamata su tuna sau nawa aka kashe maganar fyaɗe a unguwanninmu da sunan rufin asiri saboda wanda ake zargi mai hannu da shuni ne.

Ana yawan kawo misalin Birtaniya don a nuna cewa manya sun ɗanɗana kuɗarsu, tunda an sallami Peter Mandelson daga muƙamin jakada a Washington a Satumban 2025, Sarki Charles kuma ya tuɓe wa ƙanensa Andrew sarautar yarima a watan Oktoba. A Amurka Larry Summers, tsohon ministan kuɗi, ya janye daga harkokin jama'a. Rasa rawani da kujera abin kunya ne, amma ba shi ne hukuncin da doka ta tanada ga wanda ya taɓa yarinya ko ya taimaka aka taɓa ta ba, kuma ba shi ne binciken da zai wanke wanda ba shi da laifi ba. Ita kuwa Maxwell, kwanaki kaɗan bayan Todd Blanche, wanda tsohon lauyan Trump ne kuma na biyu a Ma'aikatar Shari'a a lokacin, ya je ya gana da ita a Yulin 2025, sai aka ɗauke ta daga kurkukun Florida aka mayar da ita wani sansani mai sassaucin tsaro a Bryan ta jihar Texas, ba tare da gamsasshen bayani ba. Wannan cin fuska ne ga duk matar da ta tsaya a kotu ta ba da shaida a kanta.

Abin da ya rage a yi ba ɓoyayye ba ne. A naɗa mai bincike mai zaman kansa wanda ba ya karɓar umarni daga ma'aikatar da ita ma ake tuhumarta da sakaci, a bi sawun kuɗin daga asusu zuwa asusu, a kira duk wanda ya sa hannu a yarjejeniyar 2007 ya yi rantsuwa ya yi bayani a fili, kuma wani alƙali ya duba kowane baƙin layi da aka ja a kan suna ya tabbatar ko wa ake karewa.

Virginia Giuffre, wadda Maxwell ta ɗauko tana 'yar shekara 16 tana aiki a Mar-a-Lago, gidan shaƙatawar Trump a Florida, ta yi shekaru tana faɗa ana ƙaryata ta, ta mutu a Ostiraliya a watan Afrilun 2025 tana da shekara 41, wata bakwai kafin a sa hannu a dokar. Maria Farmer kuwa, wadda ta taɓa yi wa Epstein aiki, ta rayu ta ga tata takardar. A cikin abin da aka saki a watan Disamba akwai ƙorafin da ta shigar wa FBI a kan Epstein, ɗauke da kwanan watan Satumban 1996, shekara tara kafin iyayen yarinyar Palm Beach su shiga ofishin 'yan sanda, kuma a lokacin da aka karɓi wannan ƙorafi aka ajiye, wasu daga cikin yaran da ya cutar daga baya ko makarantar firamare ba su shiga ba.