Jariran Donna Nook da ayun kogunanmu

Ranar wata Asabar a ƙarshen Nuwamba na ɗauki 'yata muka tafi Donna Nook, wani bakin teku a yankin Lincolnshire na Ingila. Sanyin wurin ba irin na hunturunmu ba ne mai busar da leɓe. Jiƙaƙƙe ne, iska na kaɗo shi daga teku yana ratsa ƙashi. Duk da haka jama'a sun yi dafifi, har da tsofaffi masu dogara sanda, don kallon wata dabbar teku mai ruwan toka da ake kira sil, wadda ke fitowa tudu ta haihu a wannan lokaci.

Tun kafin ka gan su za ka ji kukansu, sak na jinjiri. Wani jariri ya kwanto jikin shinge, taku biyu tsakaninmu, fari fat kamar auduga, idanu baƙi wuluk. 'Yata ta miƙa hannu, sai wata dattijuwa mai aikin sa-kai ta dakatar da ita cikin murmushi, ta ce in uwar ta shaƙi ƙanshin mutum a jikinsa tana iya guje masa.

"Baba, to wa zai ba shi nono?"

Babu kowa. Mako uku kacal uwar ke shayarwa, ita kuwa ba ta sa komai a bakinta. Fiye da rabin nonon nata kitse ne, har jaririn kan ƙara kusan kilo 2 kullum. Farin gashin nan kuma ba ya tare ruwa, in aka firgita shi ya faɗa teku, sanyi na iya kashe shi.

Kimanin jarirai 2,000 ake haifa a nan duk shekara, a fili guda da jiragen yaƙin Birtaniya ke atisaye. Dabbar da farauta ta kusa ƙararwa kenan, sai da aka yi mata doka a 1914. Amma ni a ganina, doka ita kaɗai ba ta yi wannan aiki ba. Mutane irin dattijuwar nan, masu tsayuwa cikin sanyi ba albashi, su suka raya ta.

A nan ayu ya faɗo mini a rai. Yana nan a kogin Binuwai da Neja, lafiyayyen dabba mai cin ciyawa, macensa na ɗaukar ciki kusan shekara ta haifi ɗa ɗaya tak. Doka ta hana kashe shi, amma ambaci sunansa a kasuwa ka ji: man ayu za a miƙo maka. Abin yana mini ciwo ƙwarai.

Kada wani ya ce ai wannan sai Bature, cikinsa a ƙoshe. A Kure ta Nijar, raƙuman dawa 49 suka rage a 1996. Manoman yankin suka haƙura da ɓarnar da suke yi wa wake, samarinsu suka zama 'yan rakiyar baƙi, aka wayi gari sun haura 600. Talakawa ne kamar na kowane ƙauye namu.

A mota muna komawa na ba 'yata labarin ayu. Ta ce in mun je gida in kai ta ta gan shi. Na ce in sha Allah, amma raina a jagule, domin ni kaina ban taɓa ganinsa da rai ba, sai mansa a kwalba.