Shuka a kan rufi ba ita ke kawo yoyo ba

Da an ce a yi shuka a saman dekin, masu gidaje da yawa a Agege da Idi-Araba da ke Legas sai su ce saiwa za ta fasa kankare, damina ta same su a kan gado. Hakan na faruwa ne idan an zuba ƙasa kai tsaye a kan siminti. Ba haka ake yi ba. Ana fara shimfiɗa ledar da ruwa ba ya ratsawa, a ɗora abin tare saiwa, a bar wa ruwa hanyar fita, sannan a zuba ƙasa mara nauyi, kaurin da bai wuce santimita 15 ba. Ledar ma ta fi daɗewa, tunda rana ba ta gasa ta.

A ruwan Yuni da Yuli, ƙasar tana riƙe wani kaso ta sake shi a hankali, kwata ta samu sauƙi. Ɗakin sama ya rage zafi, janareta ya rage shan mai. Tsuntsaye da ƙudan zuma kuma su samu wurin sauka.

Abin tsoron gaske nauyi ne, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba wasa ba ce. Sai injiniya ya duba ginshiƙan ginin tukuna.