Motar hannu: mu a gida fenti muke kallo, su a nan tarihinta suke karantawa

Satin da ya wuce ƙanina ya turo min bidiyo ta WhatsApp daga Kano, wata Corolla ce ruwan toka tana ta sheƙi a rana, an wanke ta an goge tayoyin sun yi baƙi ƙirin, dillalin na zagaya ta da waya yana cewa Beljiyam ce sabuwar sauka ko wata ɗaya ba ta yi a ƙasar nan ba, wai wata tsohuwa ce ke hawanta can daga gida sai kasuwa. Ƙanin nawa yace Yaya wallahi ta yi, ko ƙwarzane babu, in ba mu yi sauri ba wani zai ɗauke. Nace naji, amma ka koma ka ɗauko min hoton lambar shasi, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da wadda ke manne a ginshiƙin ƙofa. Sai ya yi shiru, can yace shi fa nauyi yake ji, dillalin babban mutum ne kuma unguwarmu ɗaya, kar ya ga kamar ana tuhumarsa.

Wannan nauyin ne ya sa na zauna rubutun nan, don na ga yadda yake cinye wa mutane gumin shekara da shekaru. Mutum zai yi adashi, ya sayar da fili, wani ma ya ci bashi, amma ranar biyan kuɗi sai ya kasa yin tambaya huɗu saboda kar a ce ba shi da ta ido.

Shekarata takwas ke nan a Bamingham ta Ingila, motar hannu uku na saya a nan, kuma kafin in taho na raka mutane sayen mota a Kano ba sau ɗaya ba sau biyu ba. Bambancin da na gani ba wai Bature ya fi mu gaskiya ba ne, a nan ma akwai 'yan damfara sosai. Bambancin shi ne mota a nan tana yawo da tarihinta a rubuce, kuma kowa zai iya karantawa.

Duk motar da ta haura shekara uku dole kowace shekara a kai ta gwajin da ake kira MOT, a ɗaga ta sama a duba birki, taya, fitilu, sitiyari, hayaƙi da tsatsar ƙasa. Tun 2005 sakamakon yake shiga kwamfuta, kawai lambar motar za ka sa a shafin gwamnati kyauta ya fito maka da komai: shekarar da ta faɗi, abin da ya kayar da ita, gargaɗin da mai gwajin ya rubuta, da kuma mil nawa mitarta ta nuna a ranar. To ka ga in bara ta nuna mil 95,000 bana kuma mai ita yana nuna maka 60,000 ai magana ta ƙare, an juya mita. Ni ban taɓa tashi daga gida zuwa ganin mota ba sai na gama wannan a waya, kuma da yawa a nan nake ajiye su ban ma ɓata man zuwa ba.

Sai takardar V5C da hukumar rajistar motoci ta DVLA da ke Swansea ke bayarwa, tana nuna hannu nawa motar ta bi da sunan wanda take wurinsa yanzu, sai ka haɗa da adireshin da ka je ka gani ko sun yi daidai. Sannan akwai binciken da ake biya, kuɗinsa bai kai na cika tanki ba, shi zai gaya maka ko akwai bashin kamfani a kan motar, ko an kai rahoton sace ta, ko inshora sun taɓa yanke cewa gyaranta ya fi ƙarfin darajarta. Tun Oktoban 2017 rukuni huɗu suke sa irin waɗannan, A da B ba sa komawa titi har abada, S ita ce wadda ƙashin jikinta ya taɓu aka gyara, N kuma wadda ɓarnar ba ta kai ƙashi ba. Ana sayar da S da N ba laifi, amma da araha, kuma ka san abin da ka saya. In a wurin ɗan kasuwa mai gareji ka saya, dokar masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar ka karɓi kuɗinka in ka tarar da matsala ta gaske. In a hannun mutum ne kawai a ƙofar gidansa, wannan kariyar babu ita.

Kuma a nan na sha tawa. Motata ta farko a hannun wani na saya da yamma ana yayyafi, jiki lafiya, ciki tsaf, inji shiru, ban durƙusa na leƙa ƙasa ba. Wata bakwai bayan nan na kai ta MOT mai gwajin ya kira ni ya nuna min ƙarfen ƙasan ƙofa, ya danna da yatsa ya burma. Gishirin da suke watsawa a titi lokacin sanyi saboda ƙanƙara shi ke cin ƙasan mota a hankali, sama tana kyalli ƙasa ta ruɓe. Da na koma na karanta tarihinta sai na ga shekara biyu a jere an rubuta gargaɗin tsatsa, yana nan a fili, ni ne ban san ana dubawa ba a lokacin. Abin ya yi min ciwo matuƙa don kuɗin da na tara ne daga aikin dare. 'Yan uwa da ke sabon zuwa kuma ku kula da tsohuwar mota mai dizal, tun Yunin 2021 tsakiyar Bamingham fam 8 ake biya kullum in injin bai cika ƙa'idar hayaƙi ba, Landan kuma fam 12.50, shi ya sa za ka ga suna araha.

To mu dawo gida. Mu ba mu da wannan kundin, takardar lafiyar mota ta VIO ma sau da yawa karɓo ta ake yi tare da sauran takardu ba tare da an buɗe bonet ba, kowa ya sani. Abin da ya rage mana sai rantsuwar dillali da kyan fenti. Amma abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne yawancin motocin da muke kira Beljiyam ko tokumbo yanzu daga Amurka da Kanada suke, sunan Beljiyam ɗin ya samo asali ne daga lokacin da ake loda su a tashar Antwerp zuwa Kwatano. Na Ingila ba sa mana amfani tunda sitiyarinsu a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama. Motar Amurka kuwa tana da tarihi kamar ta nan, kuma mabuɗinsa lambar shasin nan ce mai harufa da lambobi 17. Da ita za ka ciro rahoton Carfax, kamfanin da ke tara tarihin motoci, ko ma ka rubuta ta kawai a Google, in an taɓa yin gwanjonta a kamfanonin gwanjon motoci irin su Copart ko IAA sau da yawa hotunan ranar gwanjon za su fito, ka ga motar da idonka yadda take kafin ta shiga hannun mai gyaran jiki da mai fenti, ka ga mil ɗin da mita ta nuna. Mil fa, ba kilomita ba, mil 100,000 kusan kilomita 160,000 ne, wasu da gangan suke barin mai saye cikin wannan ruɗanin.

Ni ban ce motar da ta yi hatsari haramun ce ba. Da yawa bamba ce kawai da fitila, an canza, za ta yi maka shekara goma lafiya, kuma da ba don irinsu ba talaka ba zai hau mota ba a wannan tsadar dala. Abin da nake ƙi shi ne a ɓoye, a sayar maka da ita a kuɗin wadda ba ta taɓa komai ba. Mu da muka taso muna jin hadisin da Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa yace wanda ya yi algus ba ya tare da mu, mu da malamanmu na fiƙihu suka yi babi guda a kan mayar da kaya saboda aibi, bai kamata a ce sai Bature ne zai koya mana bayyana aibin haja ba. Wannan abin yana damuna ƙwarai.

Wadda nake tsoro da gaske ita ce motar ambaliya. Bayan guguwar Harvey da ta nutsar da Houston a 2017 motoci masu ɗimbin yawa suka tafi gwanjo, kuma duk shekara sai an yi irin wannan a wani wuri a Amurka. Ita ba ta da rauni a jiki ko kaɗan, shi ya sa take ruɗar mutane, amma ruwa ya shiga wayoyi da kwakwalwarta, yau gilashi ya ƙi sauka gobe giya ta rikice jibi ta mutu a tsakiyar titin Zariya, ka yi ta zarya wurin mai wayarin har ka gaji. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko ya yi tsatsa, ka ja bel har ƙarshensa ka ga ko akwai shatin ruwa, ka ciro safaya ka duba ramin ko akwai busasshen laka. In ka ji an cika turare a cikin mota fiye da kima ka tambayi kanka me ake rufewa.

Inda muka fi su kuwa, kuma ina faɗa da alfahari, shi ne kunnen bakanike. A nan kafin wani ya zo ya duba maka mota sai ka biya kuɗi mai kauri, awa ɗaya ta gareji ma abin tsoro ce. A gida akwai mutanen da suka yi shekara talatin a kan Honda ko Toyota kaɗai, ana tada inji za su ce maka ga abin da ke kuka. Amma ka tafi da naka, wanda kai za ka sallama, kuma ka sallame shi da kyau ko an saya ko ba a saya ba, don in ladansa ya rataya a kan ciniki ya faɗa ko kuma yana jiran la'ada daga ɗaya ɓangaren to kunnen nan zai toshe. Ku je da sassafe ku ce kar a tada ta sai kun zo, ka taɓa bonet ka ji da sanyi, don inji mai matsala in ya ɗumama yana ɓoye halinsa. Ka tsaya a baya ka kalli salansa: shuɗin hayaƙi yana shan baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne ke shiga inji. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar kindirmo a jikinsa ka yi hattara da gaskit. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba ka ga duk fitilun dashbod sun kama, musamman ta inji da ta iyabag, wato jakar iskar da ke kare mutum a hatsari, sannan su mutu bayan an tayar, wadda ba ta kama ba tun farko wataƙila an cire ƙwan ne ko an rufe. A sa mata na'urar sikana, yanzu masu ita sun yi yawa a Kano da Kaduna. A leƙa a ga ko indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, na nan ko an fasa an sayar. Ka bi jikin da ɗan maganaɗisu, inda aka cika da fila, wato abin da ake cike lotsawa da shi kafin fenti, ba zai kama da kyau ba. Tayoyi ma suna da ranar haihuwa, lambobi huɗu ne a gefe, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, kuma tsohuwar taya a zafin Afrilu a hanyar Kano zuwa Abuja ba abin wasa ba ce ko da zanenta bai goge ba. Sannan ka tuƙa ta da kanka, ba zagayen layi ba, ka hau babban titi ka ji yadda giya ke shiga, ka taka birki da ƙarfi, ka kunna AC ka tsaya cikin go-sulo ka ga ko allurar zafi za ta tashi.

Takardu kuma kar ka karɓi hoto ko alkawarin za a kawo gobe. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, duk da haka wanda ya san hanyar Kwatano zuwa Maraɗi ya san ba a daina ba, kuma motar da ba a biya mata kwastan daidai ba ko bayan shekaru za a iya tare ka a hanya a karɓe. Ka kai takardar ofishin kwastan a tantance, ka tabbata lambar shasin da ke takarda ita ce a jikin mota harafi da harafi. In wadda aka hau a gida ce ka nemi ganin mai ita ido da ido da katin shaidarsa, a rubuta yarjejeniya da shaidu, kuɗi kuma ta banki zuwa asusun mai sunan da ke takarda. Mutane nawa ne suka kwana a ofishin 'yan sanda saboda motar sata da suka saya da kuɗinsu na halal.

Ƙanin nawa dai daga baya ya daure ya koma, yace wa dillalin Baba, Yayana ne ya matsa sai ya ga lambar, ka yi haƙuri. Dattijon bai ma ji haushi ba, yace ɗauki mana ɗana, shi ma a hannun wani ya karɓo. Na sa lambar, cikin minti biyar hotuna suka fito daga wani filin gwanjo a Texas: gaban motar a murƙushe har ya taɓa ginshiƙi, iyabag biyu a fashe suna reto, mita kuma ta nuna kusan ninki biyu na abin da take nunawa yanzu. Na tura masa, shi kuma ya nuna wa dattijon, wanda ya daɗe yana kallon wayar yana salati. Mun bar ta. Yanzu wata Camry yake dubawa, jiya da daddare ya turo min lambar shasinta tun kafin in tambaya, kuma ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe za su je da bakanikensa.