Ƙafar da George Fox ya miƙa wa James Nayler

A watan Oktoban 1656, ana tsuga ruwan sama, James Nayler ya shiga garin Bristol na Ingila bisa doki, mabiyansa na shimfiɗa tufafi a gabansa suna rera "Mai tsarki, mai tsarki", kamar yadda Kiristoci ke ba da labarin shigar Annabi Isa birnin Ƙudus. Majalisar dokokin zamanin Oliver Cromwell, mai mulkin Ingila a lokacin, ta same shi da laifin saɓo. Da ƙuri'a 96 da 82 ya kuɓuta daga kisa, amma ya sha bulala fiye da 300, aka huda masa harshe da jan ƙarfe, aka yi masa tambarin harafin B a goshi, wato farkon kalmar Turanci "blasphemer", mai saɓo.

Nayler na cikin manyan masu wa'azin 'yan Kweka, wata ƙungiyar Kiristoci masu kiran kansu Abokai. Aƙidarsu ita ce akwai hasken Almasihu a zuciyar kowa, babu buƙatar limamin coci. Ya shaida wa masu tuhumarsa cewa shi ba Almasihu ba ne, alama ce kawai. To amma idan mutum biyu suka saɓa, kowa na cewa hasken ne ya umarce shi, wa zai raba gardama?

George Fox, jagoran ƙungiyar, ya amsa wannan tambaya daga baya da tarukan wata-wata da ya kafa wajajen 1667, inda jama'a ke auna abin da mutum ya ce an yi masa wahayi. John Perrot, wanda ya ƙi cire hula lokacin addu'a, ya riga ya ja da shi, wasu 'yan ƙungiyar biyu, John Wilkinson da John Story, su ma suka ɓalle kan tarukan mata. Duk da haka ina ganin tsarin ne ya hana Abokai tarwatsewa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne na kurkukun Exeter, makonni kaɗan kafin Bristol. Fox ya ziyarci Nayler a tsare, ya miƙa masa hannu ya sumbata, da ya ƙi sai ya miƙa masa ƙafa. Wannan fa mutum ne da ke ƙin cire wa alƙali hula saboda duk ɗan Adam ɗaya ne a wurin Allah. Nayler yana bakin rami a lokacin, kuma wanda ya fi kowa ikon janyo shi sai ya nemi mubaya'a.

An saki Nayler a 1659. Shi ne ya durƙusa gaban Fox ya nemi gafara. A 1660 'yan fashi suka tare shi a hanyarsa ta komawa gida Yorkshire, ya rasu bai isa ba.