Tsohuwar da ba ta iya kai ƙara, wa zai kai mata?

A 2011 wata mata a Landan ta riƙa ganin kwanciyar jini a jikin mahaifiyarta mai fama da cutar Alzheimer, wato gigin tsufa, wadda ke zaune a gidan kula da tsofaffi na Ash Court. Tsohuwar ba ta iya faɗin abin da ya same ta. Sai ɗiyar ta ajiye agogo mai ɓoyayyiyar kyamara a ɗakin, kyamarar kuwa ta ɗauki wani ma'aikaci yana shararawa tsohuwar mari. A Afrilun 2012 kotu ta ɗaure shi wata 18. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, kafin nan hukumar CQC mai sa ido kan irin waɗannan gidaje a Ingila ta saka gidan a sahun mafiya inganci.

Mai gigin tsufa ya fi kowa sauƙin cuta, domin maganarsa ba ta karɓuwa. In ya ce an dake shi, a ce ruɗewa ce. In aka ga tabo, a ce faɗuwa ya yi, ko a ce fatar tsofaffi dama haka take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce biyu cikin uku na ma'aikatan irin waɗannan gidaje sun amsa da bakinsu cewa sun ci zarafin wanda suke kula da shi cikin shekara guda, da hannu ko da baki ko ta hanyar sakaci.

Mutane da dama suna ganin kyamara ce magani. Jihar Texas a Amurka ta ba iyalai damar saka ta tun 2001. Ban ƙi ba, amma kyamara tana nuna marin ne bayan ya sauka. Kuma ɗakin nan a cikinsa ake yi wa tsohuwa wanka, ake canja mata zane, ita ma tana da sirrinta.

A duba yadda abin ke faruwa da safe. Ma'aikaciya ta shigo da tawul. Tsohuwa ba ta gane ta ba, abin da take gani baƙuwa ce ke neman tuɓe mata riga, sai ta ƙanƙame wuyan rigar, ta kai yakushi. Wadda aka horar ta san ta ja baya, ta kira sunanta a hankali, ta dawo an jima. Wadda ba a horar ba, ga wasu tsofaffi birjik suna jiranta, sai ta damƙi wuyan hannu ta murɗe. Wannan ba uzuri ba ne, mai duka a hukunta shi, kuma a Ingila dokar 2005 mai kare waɗanda ba sa iya yanke wa kansu shawara ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5. Sai dai mai gidan da ya rage ma'aikata don riba ta ƙaru, shi ma da hannunsa a tabon nan.

Ostireliya ta fahimci haka bayan rahoton 2021 na kwamitin bincikenta kan kula da tsofaffi. Daga Yulin 2023 dole kowane gidan tsofaffi ya kasance da ƙwararriyar nas dare da rana, daga Oktoban shekarar kuma aka wajabta matsakaicin kulawar minti 200 a kullum ga kowane tsoho. Hanyar da nake goyon baya ke nan, a haɗa da ziyarar ba-zata, a kuma bar ƙofa a buɗe ga iyali kowane lokaci.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Daga 2022 zuwa 2025 dubban 'yan Najeriya suka tafi Birtaniya aikin kula da tsofaffi, bizar kowannensu a ɗaure take da wanda ya ɗauke shi aiki. Su ne ke kwanan aiki, su ne ke fara ganin tabo. Wadda ta san in ta yi magana za ta iya rasa aiki da izinin zama, ga yara a makaranta, ga iyaye a gida suna jiran aike, da wuya ta buɗe baki. Duk dokar da za a yi don kare tsohuwar nan, sai ta ba wannan ma'aikaciya tabbacin cewa in ta kai rahoto ba za a kore ta daga ƙasar ba.