Rigar da mahaifiyar Adam Goodes ta zana

Tun daren jiya nake kallon hotunan jesin ƙungiyoyin ƙwallon Ostireliya, na kasa ajiye wayar. Ba irin ƙwallonmu ba ce. Tasu mai siffar ƙwai ce, da hannu da ƙafa ake buga ta, gasar kuma sunanta AFL. Duk shekara wajen watan Mayu, ƙungiyoyi 18 na gasar sukan ajiye rigunansu na kullum su saka waɗanda Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar, suka zana. Tun 2014 kowace ƙungiya ke yin haka. Daga 2016 aka sa wa wannan mako na karrama Aborijin sunan Sir Doug Nicholls, ɗan ƙabilar Yorta Yorta ta Aborijin da ya buga wa ƙungiyar Fitzroy, har ya zama gwamnan jihar Kudancin Ostireliya a 1976.

Na ja hoton wata riga da yatsu biyu har ɗigo-ɗigon suka fito ɓaro-ɓaro. Ashe ba ado kawai ba ne. Da'ira cikin da'ira wurin taro ce ko mashayar ruwa. Alama mai kamar kofaton doki mutum ne a zaune, shatin da yake bari kan rairayi in ya tashi. Layukan da suka haɗa su kuwa hanyoyin tafiya ne. Labarin dangi ne sukutum a ƙirjin ɗan wasa.

Wani abokina ya ce duk kasuwanci ne, a sayar da riga a ci riba. Ban yarda da shi gaba ɗaya ba. Aborijin ɗin nan tun zuwan Turawan Ingila a 1788 ake ƙwace musu ƙasa. An raba 'ya'ya da iyayensu da ikon hukuma, an hana yara yarensu, sai a 2008 firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara. Ka ce wa jikan irin waɗannan mutane ganin zanen kakanninsa a filin MCG na Melbourne, ranar wasan Essendon da Richmond da kan tara sama da mutum 80,000, ba komai ba ne? Haba. Ƙungiyar Melbourne ma har suna take sauyawa a makon, ta koma Narrm, sunan wurin na asali.

Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne labarin Adam Goodes, ɗan Aborijin da ya buga wa ƙungiyar Sydney Swans. Sau biyu yana cin kyautar Brownlow ta gwarzon ɗan wasa, a 2003 da 2006. A 2013, cikin wannan mako na karrama Aborijin, wata yarinya 'yar shekara 13 ta kira shi biri daga cikin 'yan kallo. Ya tsaya ya nuna ta, aka fitar da ita, washegari kuma ya roƙi jama'a kada su ɗora mata laifi don yarinya ce. A 2014 ƙungiyarsa ta fito da rigarta ta wannan mako, kuma mahaifiyarsa Lisa Sansbury ce ta zana ta, ita da aka raba da iyayenta tana ƙarama. Ka duba fa, ɗa sanye da zanen uwarsa a gaban duniya.

To me ya biyo baya? Ihun wulaƙanci. A 2015, bayan ya ci ƙwallo a wasa da Carlton ya taka rawar yaƙi ta gargajiya, sai abin ya ƙazanta. Fili bayan fili, da ya taɓa ƙwallo sai a sa masa ihu. Shugabannin gasar da ke tallar rigunan suka yi ta jan ƙafa. Wallahi nan ne zuciyata ta karye, domin an rungumi rigar an bar mai rigar shi kaɗai. A ƙarshen kakar ya yi ritaya bayan wasanni 372.

Ina son rigunan nan, kuma ina so a ci gaba da biyan masu zanen haƙƙinsu ana ambaton sunayensu. Sai dai ni ranar da ɗan wasa ya buɗe baki ya ce an ci zarafinsa nake auna ƙungiya, in ga wa zai tsaya kusa da shi. Sai a 2019 AFL da ƙungiyoyinta 18 suka fito suka ba Goodes haƙuri. A 2021 aka zaɓe shi shiga jerin gwarazan wasan na tarihi, ya ce ba ya so.