Abotar filin bishara ba irin ta gida ba ce

A gida ba ma neman abokai a coci, gadonsu muke yi. Wanda kuka zauna benci ɗaya a makarantar Lahadi shi ne zai zama abokin ango ranar aurenka, mahaifiyarsa da taka suna ɗaura zane iri ɗaya a Zumuntar Mata, kakanninku ma ƙila fasto ɗaya ya yi musu baftisma. Haka na tashi a ƙasar Zazzau. Tun da aikin bishara ya kawo ni wata ƙaramar majami'a a arewacin Ingila kuwa, sai na tarar babu gadon da zan ci. Ban da bangaskiya, babu abin da ya haɗa ni da kowa.

Ƙidayar 2021 ta nuna cewa masu kiran kansu Kirista a Ingila da Wales sun koma kashi 46.2 cikin ɗari, daga kashi 59.3 a 2011. Ranar Lahadi kana ganin wannan lissafi da idonka: gini babba, kujeru fayau. Masu cike gurbin su ne tsofaffin Turawa da baƙi, 'yan Iritiriya, mutanen Hong Kong da aka buɗe wa hanyar zuwa a 2021, da Iraniyawa. Yawan Iraniyawan ne ya sa Cocin Ingila ta fitar da tsarin Jibin Ubangiji da harshen Farisanci a 2019.

Babban aminina a nan Ba'iraniye ne. Bai san tuwo ba, ban iya cin shinkafarsu mai tsami ba, Turancinmu duka biyu gurgu ne. Amma ba sai na yi masa dogon bayani a kan abin da ake nufi da tafiya sujada gabanka yana faɗuwa ba. Ya sani fiye da ni, don shi ko gida ba ya iya komawa. Irin wannan abota ba ta da dangi da za su tallafe ta, ba ta da surukuta, ba ta da ƙabila. In ta tsaya, da ƙafarta ta tsaya, kuma a ganina shi ya sa take da daɗi.

Sai dai kada wani ya ce na raina gida. Wajen zuwa da kai, mun fi mutanen nan nesa ba kusa ba. Zumunci a ƙafa yake, amma a nan a kalanda yake: kafin ka sha shayi a gidan ɗan'uwa sai an sa rana, wani lokaci mako biyu gaba. In an yi rasuwa, kati ne da furanni, jana'izar ma sai bayan makonni. A wurinmu kafin gari ya waye mata sun cika tsakar gida da kuloli, masu waƙa sun kawo tulunansu da caki, dattawa sun zauna ƙofar gida ba wanda ya aika a kira su. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni a nan, saƙonnin waya sun zo da yawa, duk na addu'a, kuma na san da zuciya ɗaya aka turo su. Ƙofata dai ba ta ji ƙwanƙwasa ba.

Inda suka fi mu kuma dole a faɗa. Suna riƙe sirri. Abin da ka faɗa a ƙaramin taron addu'a na tsakiyar mako a nan yake mutuwa, ba ya zama labarin kasuwa da sunan "mu tuna da wane cikin addu'a". Ba su kuma damu da girman muƙami ba. Faston da nake aiki tare da shi sunansa tsurarsa yara suke kira, bayan sujada shi ke wanke kofuna. Da fari abin ya yi mini nauyi a baki. Amma na lura mutumin yana da abokai na gaske a cikin garkensa, abin da Baba Fasto a gida da wuya ya samu, don wa zai zauna ya yi hira da wanda ake durƙusa wa? Ga kuma batun ɗarika. A gida ɗan ECWA da ɗan COCIN da ɗan EYN na iya shekara a unguwa ɗaya ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki tare ba. A nan mun yi kaɗan da za mu tsaya tambayar wannan.

Abin da ke damuna shi ne 'yan'uwa da ake aikowa daga Najeriya da sunan mishan, su ƙare suna tara 'yan Najeriya zalla. Na san daɗinsa, akwai shinkafa dafa-duka, akwai rawa, ba wanda ke duba agogo. Amma ko a irin wannan majami'a Bahaushe Kirista baƙo ne, waƙoƙin da Yarbanci ake yi, kuma sai ya sha tambayar yadda aka yi ya zama Kirista. Likita Walter Miller, ɗan mishan daga Ingila da ya zauna a Zariya, bai tara Turawa ba, Hausa ya koya har ya sa hannu a fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932.

Majami'un da ke aiko mu suna neman rahoto: mutum nawa suka tuba, nawa aka yi wa baftisma, kuɗi nawa aka kashe. Ina so su ƙara tambaya ɗaya a takardar: a cikin 'yan ƙasar, gidan wa kake shiga ka ci abinci? Mai bisharar da ya shekara biyu ba shi da amsa, a kira shi a waya a ji lafiyarsa.